Goggo ta ce sai an ƙara masa ruwa

Sati biyu da suka wuce, bayan magariba, ina zaune ƙofar gida ko takalmi ban cire ba na dawo daga gardi, wato aikina na asibiti, sai ga Goggo a bayan moto ta rungumo jikanta cikin zani. Duk wanda ya san Garwa ta Kamaru ya san halin watan Agusta, ruwa sama ruwa ƙasa, kogin Binuwai ya cika ya batse, sauro kuwa kaman gayya aka yi musu. Yaron shekararsa uku, jiki zau kaman garwashi, tun jiya da dare wai.

"Tashi ɗan nan, angon nawa ba lafiya. Ɗauko kayan aikinka ka ƙara mishi ruwa."

Na ce toh Goggo bari dai in duba shi tukunna. Na shigar da su ɗaki, na auna zafin jiki, na duba idonsa da tafin hannunsa, na ga yana gane mutane, yana zama da kansa, na miƙa masa ruwa ya karɓa ya sha har da neman ƙari, bai yi amai ba, bai yi jijjiga ba. Na soki yatsa na yi masa TDR, gwajin jini na gaggawa, minti sha biyar layi biyu suka fito. Palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, amma mai sauƙi. Na rubuta masa ƙwayar Coartem, sau shida cikin kwana uku, a ba shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo, da sirop ɗin paracetamol don zafin jiki, na ce in ya fara amai ba tsayawa ko ya kasa sha ko ya yi jijjiga ko barci ya yi masa nauyi, ko ƙarfe nawa ne na dare a buga min waya mu wuce asibiti.

Goggo ta kalli takardar ta kalle ni. "Yanzu duk karatun da ubanka ya kashe maka kuɗi, ƙwaya ce ƙarshensa? Ɗan maƙwabciyata satin can haka ya yi, aka kai shi wajen yaron nan na bayan kasuwa ya sa masa ruwa leda biyu, mai ruwan ɗorawan nan, washegari da ƙafarsa ya tashi yana ƙwallo. Da idona na gani."

Wannan da idona na gani ɗin shi ya hana ni barci a daren, don wallahi ba ƙarya take ba, ta gani ɗin. Kuma ni ma da kaina na yi shekaru ina aiki da irin wannan hujja, shi ya sa ban iya yi mata dariya ba.

Lokacin da nake staj, wato koyon aiki, majon, shugaban ma'aikatan jinya, da ya koya mana aiki dattijo ne mai hannu, jijiyar jariri a duhu zai samo maka ita, har gobe ina girmama shi. Amma in ka tambaye shi me ya sa ake kaza sai ya ce shekara talatin ina yi, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shikenan ka ja bakinka. Haka muka fito, duk zazzaɓi palu ne da taifot, duk mai laushin jiki a rataya masa leda, a zuba bitamin B a ciki ruwan ya koma ruwan ɗorawa, dangi su ga an yi aiki. Mutane suna warkewa kuwa, suna dawowa da godiya, wani har da zabo. To wa zai ce maka ba ka iya ba?

Abin da ban lissafa ba a lokacin shi ne, wanda ya warke shi ke dawowa ya gaya maka. Wanda bai ji sauƙi ba ya hau moto ya tafi wani wuri, ko an maida shi ƙauye, ko an kai shi makwancinsa an ce kwana ya ƙare, kuma babu mai zuwa ya tsaya a ƙofarka ya ce ledar nan taka ba ta yi ba. Sannan yawancin zazzaɓin yara da mura da ciwon jiki, ko ka yi magani ko ba ka yi ba, kwana uku huɗu jiki zai yi faɗansa ya ci nasara. Mutum kuma ba ya zuwa asibiti sai ranar da ciwon ya kai ƙololuwa, daga ƙololuwa kuwa sai gangara. Duk abin da ka ba shi a ranar shi zai kwashe ladan, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ɗan maƙwabciyar Goggo ma ina da yaƙinin an haɗa masa da maganin palu, ledar dai ita ce ido ya gani tana ɗiga.

Abin da ya fara girgiza ni wani bincike ne da aka kawo mana a wani horo, sunansa FEAST, an buga sakamakonsa a 2011. A Kenya da Uganda da Tanzaniya aka yi shi, a asibitoci shida, yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani waɗanda jini ba ya zagaya musu da kyau, fiye da rabinsu palu ne a jininsu. Abin da duk littattafan Turai da Amurka suka koyar shekara da shekaru shi ne irin wannan yaro a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya cikin awa guda. Masu binciken nan, ƙarƙashin wata likita Kathryn Maitland, su kansu sun shiga ne da tunanin za su nuna amfanin abin don a yaɗa shi a Afirka. Suka raba yaran uku ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ɗura musu ruwan gishiri da sauri, wasu ruwan albumin, wasu kuma ba a yi musu ɗurin gaggawa ba sai ruwan da ake sa wa a hankali da maganin ciwonsu. Bayan awa 48 aka ƙirga. Cikin waɗanda aka ɗura wa ruwan gishiri kashi 10.5 cikin 100 suka rasu, na albumin kashi 10.6, waɗanda ba a ɗura wa ba kashi 7.3. Sai da aka tsayar da binciken kafin lokacinsa a watan Janairun 2011, don ba zai yiwu a ci gaba da yi wa yara abin da lissafi ya nuna yana ƙara mutuwa ba.

Wurin da ya fi ba ni tsoro a labarin, yaran da aka ɗura wa ruwan a awar farko sun fi nuna alamar farfaɗowa, hannu ya yi ɗumi, bugun jini ya gyaru. Wato ma'aikacin da ke tsaye bakin gado ya ga sauƙi da idonsa, kaman yadda Goggo ta gani. Mutuwar daga baya take zuwa, ƙila ma ya sauka daga gardi ya tafi gida yana murna.

Dan Allah kar wani ya ɗauki wannan ya ce na ce ƙarin ruwa banza ne. Yaro mai gudawa da amai da ruwan jikinsa ya ƙare, mai kwalara, wanda ya zubar da jini, wanda wuta ta ƙona, ba su cikin wancan binciken, kuma ruwa ne ke tsamo su da ikon Allah. Mu da muka ga kwalarar 2010 a yankin Marwa da Mokolo ba sai an ba mu labari ba. Ko a can ɗin ma, mafi yawan masu gudawa ruwan gishiri da sukari na sha ya ishe su, leda ta wanda ya galabaita ce ko ya kasa haɗiya.

Ita ƙuri'ar nan da na ambata ita ce zuciyar aikin, kuma na fi gane ta da gona fiye da allon aji. Kawuna yana noman albasa a bakin kogi. A ce dillali ya kawo masa sabon taki, ya zuba a gonarsa ta fadama mai laka, ya bar ta tudu mai yashi ba taki, kaka ta yi ta fadama ta fi cika buhu. Takin ne ko fadamar? Ba mai iya cewa. In da gaske yake son sani, gona ɗaya zai yanka fegi-fegi, ya jefa ƙuri'a wane fegi zai samu taki wane ba zai samu ba, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya, kuma wanda zai auna buhunan kar a gaya masa wane fegi ne mai taki, don kar son zuciya ya danna mudu. Haka mutane suke. In ka bar likita ya zaɓi wa zai ba sabon magani, ko bai yi niyya ba zai karkata, ko ya ba masu ƙarfi-ƙarfi ko ya ba waɗanda suka fi galabaita, ƙarshe ba ka san me ka auna ba. Ƙuri'a ba ta san ɗan mai kuɗi ba, ba ta san mai tamowa ba, tana watsa su daidai ɓangare biyu, sai abin da ya rage bambanci shi ne maganin.

Kuma tunanin ba daga Turawa ya fara ba. Abubakar Ar-Razi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta yadda ya yi wa wasu masu alamun ciwon sanƙarau fitar da jini, ya bar wasu da gangan bai yi musu ba don ya kwatanta. Abin dariyar shi ne sakamakon da ya samu ya goyi bayan fitar da jinin, wanzamai sai ku yi murna, amma yau mun san ba shi ne maganin sanƙarau ba. Ya yi tunanin kwatantawa, ƙuri'a da yawan mutane ne babu. James Lind a 1747 ya raba matuƙan jirgin ruwa 12 biyu-biyu masu ciwon ruɓewar dasashi, waɗanda ya ba lemu su suka miƙe. Sai 1948 a Ingila aka buga gwajin streptomycin kan tarin fuka wanda aka yi rabon da ƙuri'a yadda ake yi yanzu.

Yawan mutane ɗin nan ma abin a tsaya ne a kai. Mu da muka fara aiki zamanin kinin mun san wahalarsa, kowane awa takwas a rataya leda da ruwan sukari ta yi awa huɗu tana ɗiga, kunne na ƙara, sukarin jinin yaro na faɗuwa, kai kaɗai a gardi da gado ashirin. Da aka ce an koma allurar artesunate wasu manyanmu sun yi gunaguni, kinin ya yi mana aiki tun kakanni. Binciken da ya kawo canjin sunansa AQUAMAT, 2010, yara 5,425 masu palu mai tsanani a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya. Na kinin kashi 10.9 cikin 100 suka rasu, na artesunate kashi 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida artesunate a gaba.

Yanzu duba lissafin da kyau. Cikin yara ɗari, kinin ma ya fitar da kusan 89 da rai. Bambancin yara biyu ne da ɗan wani abu a kowane ɗari, kaman yaro ɗaya cikin 41. Ni da nake ganin masu tsanani 'yan ƙalilan a sati, ta yaya idona zai kama wannan? Ko na shekara talatin ba zan kama ba, wata shekarar damina ta yi tsanani, wata shekarar an kawo su da wuri, duk ya cakuɗe. Sai an tara dubbai an ƙirga. Amma ninka yaro ɗaya cikin 41 ɗin nan da duk yaran da ake kwantarwa daga Ngaundare zuwa Kusiri a damina ɗaya, ka ga gidaje nawa ne ba a yi zaman makoki ba. Shekarun majo sun koya masa samun jijiya da gane yaron da zai rikice tun daga bakin ƙofa, wannan babu takardar da za ta ba ka. Amma wane magani ya fi wane, shekaru ba sa nuna shi.

Sai maganar taifot, wadda ita kam ta zama sana'a. Je kowane ƙaramin labo ka ce kana zazzaɓi, a ɗebi jini, bayan awa ɗaya a miƙo maka takarda palu da taifot, a rubuta maka ordonans, takardar magani, mai tsawon zira'i. Gwajin da ake yi ɗin Widal ne, wani likitan Faransa ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sojojin jiki yake aunawa, waɗanda jini ke ƙerawa in ya taɓa haɗuwa da ita ko da 'yan uwanta. Mu kuwa da muka tashi muna shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, waye jininsa bai taɓa gamuwa da dangin ƙwayar nan ba? Palu kansa yana iya sa gwajin ya nuna akwai. Asalin ƙa'idarsa ma sau biyu ake yi, tsakani kwana goma zuwa sati biyu, a ga ko adadin ya ninka, wa ka taɓa gani an yi wa haka? Hanyar da ta fi tabbas ita ce a shuka jinin a kwalba a ga ko ƙwayar za ta tsiro, yana ɗaukan kwanaki, yana da tsada, sai manyan wurare irin reshen Centre Pasteur da ke nan Garwa. To sai a bi mai arha, a ɗora wa mutum ciprofloxacin ko allurar ceftriaxone na kwanaki, ya warke daga palunsa ko murarsa, ya tafi yana ba da labari taifot ta kama ni sau huɗu bana. Ni da hannuna na rubuta irin wannan ordonans ba adadi, Allah ya yafe mana. Ranar da taifot ta gaskiya ta zo, ko wata cutar da ke buƙatar maganin nan, sai a tarar ƙwayoyin sun saba da shi ba ya jin su.

Kuma mu faɗi gaskiya akwai kuɗi a ciki. Ƙwayar kwana uku ribarta nawa? Leda biyu da allurai da kuɗin gado da gwaji biyu kuwa sai a tashi jaka goma sha na sefa. Majinyaci na so, mai asibiti na so, wanda ya ce a'a shi ne mugu.

Zamanin korona ne na ga abin ya kama har masu digiri. Watan Maris na 2020 farfesa Didier Raoult na Marsai a Faransa ya fitar da bincikensa kan hydroxychloroquine, 'yar uwar nivakin, maganin palu ɗinmu na da. Mu yankin Faransanci kam ya zama waliyyi, ga shi haifaffen Dakar, ga iya magana, kowane gurup na WhatsApp shi ne, farmasi suka wayi gari babu ko ƙwaya. Na zauna na karanta takardar da kaina. Mutum 36 ne a lissafin, 20 sun sha 16 ba su sha ba, ba ƙuri'a, wasu daga cikin waɗanda ba su sha ba ma a wasu asibitocin suke. Abin da aka auna ƙwayar cuta ce a hanci ranar shida, ba wai wa ya rayu wa ya mutu ba. Sannan mutum shida da suka fara shan maganin an cire su daga lissafi, uku an wuce da su ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai, ɗaya ya rasu. Ai ko ni in ka bar ni in cire waɗanda suka rikice, ruwan randa ma sai in nuna maka yana maganin korona. Na faɗi haka a majalisarmu ta shayi, wani abokina malamin lise ya ce kai ɗan anfirmiye da kai za ka ja da farfesa? Na yi shiru don ba ni da amsar da zai ji.

Amsar ta zo a watan Yuni daga Ingila, binciken RECOVERY. Mutum 1,561 aka ba maganin da ƙuri'a, aka kwatanta da 3,155 da ba a ba ba, bayan kwana 28 kashi 27 cikin 100 na masu shan sun rasu, na ɗaya ɓangaren kashi 25. Ba amfani. Kuma wannan binciken dai shi ya gano dexamethasone, tsohon magani mai arha da ke kowace farmasi, yana rage mutuwar waɗanda ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wato masu cewa bincike makircin kamfanoni ne don a sayar da mai tsada, ga shi nan ya ɗaga mai arha. Takardar Raoult kuwa mujallar ta janye ta a watan Disambar 2024, lokacin kowa ya manta, abokin nawa ma da na tura masa sai ya turo min hoton dariya kawai.

Na san wani zai ce to ku dama kun raina maganin gargajiya. Coartem ɗin da na rubuta wa jikan Goggo da artesunate duk daga ganye suka fito, wani ɗan uwan tazargade da ke ƙasar Sin, wata mata Tu Youyou ta bi tsofaffin littattafan maganinsu ta ciro sinadarin, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Kinin ɓawon itace ne. Abin da ya raba su da jarkar mai lasifika a tasha, an san me ke ciki, an san nawa ake ba yaro mai kilo goma, an gwada da ƙuri'a an ƙirga gawa. Mudu ɗaya za a auna kowa da shi, ganyen darbejiya da ledar ruwan ɗorawa da farfesan Marsai.

Tsoron da mutanenmu ke yi wa kalmar gwaji kuwa ba daga sama ya faɗo ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, rabinsu aka ba shi rabi aka ba wani maganin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba, shari'a ta yi ta jan ƙafa har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Mu da rabin danginmu ke Kano da Yola da Mubi labarin nan a cikin gida muka ji shi. Nan Kamaru ma a 2005 gwamnati ta dakatar da gwajin tenofovir, maganin ƙanjamau, a Duwala bayan ƙorafi kan yadda ake kula da matan da aka sa a ciki. Shi ya sa in an zo da takardar amincewa ba wasa ba ce, dole a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Fillanci ko Larabcin Shuwa, ya san yana da ikon cewa a'a kuma a yi masa magani kaman kowa, ya san zai iya fita ko yaushe. Dangwala yatsa a takardar Faransanci da ba ka san me ke ciki ba, wannan ba amincewa ba ce.

Amma an yi na kirki a ƙofar gidanmu ma. Watan Disambar 2011 aka yi wa mutum miliyan 1.8 'yan shekara 1 zuwa 29 allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac a Injamena da yankuna biyu na kusa da ita, sauran Cadi ba a kai gare su ba tukunna kuma annoba na ci. Da zafin 2012 ya zo aka kwatanta, sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi allurar. Wannan ba ƙuri'a aka jefa ba, amma bambancin ya yi girman da ba ya ɓuya. Duk wanda ya girma a nan yana tuna yadda watan Maris ke zuwa da fargaba, a ce kar a kwana cunkushe a ɗaki, yaro ya kwanta da ciwon kai gobe wuya ya sandare. Haka maganin rigakafin palu na damina da masu riga ke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda aka fara a Arewa da Arewa Mai Nisa a 2016, sai da aka gwada shi a ƙasashen Sahel irin namu aka ga yana kare kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin kafin a ce a yi. Goggo fa, na bincika, zagayen Yuli kwana ɗaya ta ba yaron ta ajiye na kwana biyun a kan kwanon samira wai yana da ɗaci.

Ga kuma laifinmu mu ma'aikata. Duk waɗannan lissafe-lissafen daga rajista suke farawa, babban littafin nan da muke cikewa muna hamma. Sau nawa ƙarshen wata ya zo rapor na jiran mu, gurbin sakamakon TDR babu komai, mutum ya bi layi yana cike shi daga ka? Na yi, ba sau ɗaya ba. Lambar nan ita za ta tafi distrik, ta wuce Yawunde, wani ya zauna ya ce ga yawan palu a yankin kaza, a turo magani a kan haka. Tun da na gane haka na daina, in ban yi gwaji ba in bar gurbin fayau ko za a yi min faɗa.

Kuma takarda ba ta gama aiki ita kaɗai. Su kansu mutanen jami'ar McMaster ta Kanada da suka yayata aiki da hujja a farkon shekarun 1990, David Sackett ya rubuta a 1996 cewa sai an haɗa binciken da gwanintar mai duba majinyaci, kuma a duba halin shi majinyacin da abin da yake so. Jikan Goggo na bar shi a gida don unguwarmu ɗaya, ina da moto, uwarsa na da waya. Da daga wani ƙauye bayan rafi aka kawo shi, ruwa ya cinye hanya, magariba ta yi, wallahi kwantar da shi zan yi in sa masa ido har safe ko da alamunsa iri ɗaya ne. Ba wani bincike da ya san hanyar ƙauyen nan sai ni.

Daren dai Goggo ta tafi tana mita, ko sallama ba ta yi min da kyau ba. Washegari na leƙa kafin in wuce aiki, zafin ya sauka kaɗan, uwar ta nuna min fakitin an ɓalle biyu. Rana ta uku na tarar da shi tsakar gida tsirara yana bin kaji da ludayi, ya shanye kunun gyaɗa kofi guda. Na zauna a tabarma na gaishe da Goggo, ina jira in ji ko za a ce sannu likita.

Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ai Allah ya taimake ka. Tun daren nan da na ga ba ka da niyya na tafasa masa ganyen darbejiya da na gwaiba na yi masa suraci, na ɗan ba shi ya kurɓa, safe da yamma. Ka gan shi nan."

Na ce Goggo ai ƙwayar ce ta yi aiki.

Ta ce, "Da me ka sani?"

Na buɗe baki zan ce ai ga shi na ba shi ya warke, sai na ji maganar ta tsaya min a wuya. Uwar yaron tana bakin murhu tana ta ƙunshe dariya. Na ce a dai tabbata ya shanye na daren yau, sauran ɗaya, kuma a ɗauko min maganin damina da ke kan samira in gani ko bai lalace ba.